Samfurin haƙora na firintar 3D: awonsa daidai ne ko a koma filasta?

Wa alaikumus salam ƙanena Dokta. Tun daren jiya naga tambayarka amma nace bari sai na samu natsuwa, don wannan ba maganar layi biyu bace. In na fahimce ka daidai, kace kun kawo firintar 3D a wajen aikinku can Bauchi, wanda ya sayar muku yace awonta maikiron 50 ne, sai gashi kunyi gadar haƙora uku, wato haƙoran da ake haɗawa a ɗora don cike giɓi, ta zauna ɗas a kan samfurin, wato kwafin haƙoran mara lafiya, da firintar ta fitar amma da aka zo bakin mara lafiya sai tana rawa, ka danna gaba baya ya ɗaga ka danna baya gaba ya ɗaga, shi kuma dattijon da yake muku aikin lab yace ku ajiye na'urar nan ku koma aljinet, kwaɓin da ake ɗaukar awon baki da shi, da filastar da ake zubawa cikin awon, yadda aka saba. Kana so ka san ko samfurin firinta abin yarda ne.

Toh ni dai aikin haɗa haƙora nake anan Gombe tun lokacin da kayan aikinmu basu wuce kaki da filasta da 'yar fitilar sifirit ba, yanzu kuma kusan kullum sai na kunna firinta, duka biyun dai na taɓa su da hannuna. Eh abin yarda ne, mafi yawan aikin da muke yi samfurin firinta yana ɗauka lafiya lau. Amma lambar nan 50 da aka gaya muku ba ita ce daidaiton samfurinku ba, kuma ina kyautata zaton tun ba a gano mai laifin gadar nan ba aka ɗora wa firinta. Bari in bi da kai a hankali.

Maikiron ɗaya shine ka raba milimita ɗaya gida dubu. Silin gashin kai kaurinsa yana tsakanin 50 zuwa 100 haka, kuma ka san in gashi ɗaya tak ya shiga tsakanin haƙoranka kana cin tuwo nan take zaka ji shi, toh da irin wannan awon muke aiki. Ita lambar da 'yan kasuwa ke rubutawa a kwali yawanci ɗaya cikin abu biyu ce. Ko dai kaurin kowane falle da na'urar ke ɗorawa, don firinta ba sassaƙa take ba gini take, falle bisa falle kamar mai jera bulo, kana iya saita ta a 25 ko 50 ko 100. Ko kuma girman ƙwayar haske ɗaya a allon da ke ƙarƙashin kwanon rezin (ruwan robar da haske ke daskararwa ya zama samfurin), wato fiksel. Lissafin ma ba wuya, allo mai faɗin milimita 192 da fiksel 3840 a jere, raba ka gani maikiron 50 zai baka. Shi yasa in ance maka "4K ce" kar kayi saurin murna, tambayi girman allon tukun, don 4K a ƙaramin allo ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta a kan 4K a babban allo. Duk wannan girman bulo kawai yake gaya maka, bai gaya maka ko katangar ta miƙe ba. Magini yana iya ɗaukar ƙananan bulo masu kyau ya gina maka ɗaki a karkace.

Kuma kar ka ɗauka in ka rage fallen zuwa 25 shikenan ka gama. Fuskar samfurin zatayi sumul, gaskiya ne, matakalar nan da ake gani a jikin haƙori zata ragu, amma aikin da zai ci awa ɗaya a falle 100 zai koma kusan awa huɗu, kuma kowane falle sai an ɓamɓaro shi daga ledar ƙasan kwano kafin a ɗora na gaba, yawan ɓamɓara yawan ja kenan. Masu bincike a fannin jera haƙora sun gwada sun ga falle 100 yana isar samfurinsu. Ni 100 nake sa wa aikin jera haƙora, 50 wa aikin hular haƙori, wato murfin da ake sa wa haƙori, da gada.

Akwai abu biyu da mutanenmu ke haɗawa wuri ɗaya alhali daban suke, ƙa'idar awo ta duniya ISO 5725 ma raba su tayi. Ka je Tudun Hatsi ka samu mai awon masara da mudunsa ya lotse a gindi. In ya auna maka sau goma duka goman zasu zo daidai da juna, ba wanda zai fi wani, amma duka goman basu cika mudu ba. Wannan yana da maimaici bashi da gaskiyar awo. Wani kuma mudunsa lafiyayye ne amma hannunsa ne ba tsayayye ba, yau ya yi tozo gobe ya shafe. Firinta ma haka take. Wadda kullum take rage maka abu iri ɗaya ni bana tsoronta, don ana gyara ta a manhaja, ka ƙara mata ɗan kaso ta dawo hanya. Wadda nake tsoro ita ce mai fitar da samfuri ɗaya kala uku in ka buga sau uku, wannan ba saitin da zai cece ka sai ka nemo abin da ke motsi a jikinta ko a aikin yaranka.

Sai tambayar da ya kamata kowa ya fara yi wa kansa, daidai don wane aiki? Samfurin nazari ko na nuna wa mara lafiya yadda bakinsa yake, in ya kauce da milimita 0.2 ko 0.3 ba wanda zai cutu. Robar jera haƙora mai haske irin ta Invisalign kowace ɗaya tana matsar da haƙori kamar milimita 0.25 ne, kaga in samfurinka ya kauce da 0.3 kuskuren ya fi maganin yawa, nan dole a ƙara kula. Hular haƙori da gada kuwa maganar bakin gaɓa ce, inda hular ta haɗu da haƙori kusa da dasashi. Tun 1971 McLean da von Fraunhofer suka kawo iyakar maikiron 120 a matsayin ratar da za a iya lamunta, har yau da ita ake kafa hujja, duk da mai aiki da kyau ƙasa da haka yake nema. Mafi wuya duka shine aikin dashe, wato haƙorin da ake kafawa a kan ƙusa cikin ƙashi, musamman ƙusoshi da yawa a haɗe da gada ɗaya, saboda haƙorin Allah yana da jijiyar da ke riƙe shi cikin ƙashi tana bashi ɗan motsi yana yafe maka ƙaramin kuskure, ƙusar dashe kuwa a kafe take ƙam bata yafiya.

Game da maganar dattijonku, ka girmama shi don hannunsa ya ga aiki, amma filasta ma ba wahayi bace. Aljinet ruwa ne mafi yawansa, ka bar shi a kan tebur da hunturun nan namu mai busar da leɓe minti talatin ya fara tsukewa, ka jefa shi cikin kofin ruwa kuma ya sha ya kumbura, shi yasa aka ce a zuba shi da wuri. Sau nawa ake ɗauko awo daga wani asibiti a nannaɗe da auduga a leda, a kan acaɓa, sai bayan awa biyu ya iso lab? Ita kanta filastar tana buɗewa lokacin da take daskarewa, mai ƙarfin nan nau'i na 4 ƙa'ida ta yarda mata har kaso 0.15 cikin ɗari, kuma wannan in an auna ruwa da gari a sikeli ne, mu kuwa anan da ido ake kwaɓawa. Abin da ya sa muke ganin kamar filasta bata kuskure shine mun shekara muna zaune da kuskurenta har hannunmu ya iya rufe shi ba tare da mun sani ba. Silikon mai kyau na ɗaukar awo da filasta nau'i na 4 a hannun gwani, wannan kam har gobe ma'auni ne babba, ban musa ba. Amma ba shi ake yi a yawancin wuraren da ake cewa "mu dai filasta muka sani" ba.

Yanzu mu zo kan gadarka, don anan gizo ke saƙar. Abin da baka gaya min ba shine yadda aka yi ta, kuma amsar duk a nan take. In a kwamfuta aka zana ta daga fayil ɗin sikanin, wato hoton bakin da sikana ta ɗauka, injin sassaƙa ya yanko ta daga zakoniya, abu mai tauri da ake yin haƙori da shi, sannan aka ɗora a samfurin firinta ta zauna ɗas ba tare da kowa ya taɓa ta da dutsen gurza ba, toh firintarku ta wanke kanta. Ka duba mana, injuna biyu daban sun karanta fayil ɗaya kuma abin da suka fitar ya dace da juna, kenan dukansu sun bi fayil ɗin sau da ƙafa, fayil ɗin ne bai dace da baki ba. Nan sai a koma kan sikanin, ko kuma kan bakin kansa: haƙori yana iya matsawa cikin kwana goma in hular wucin gadi ta faɗi ko ba a sa ba sam, ragowar simintin wucin gadi yana iya maƙalewa a gaɓa, ko gadar ta matse da haƙorin maƙwabci ta kasa sauka.

In kuma ta zo bata zauna a samfurin ba sai mai lab ya yi ta gurzar cikinta har ta zauna, toh mai yiwuwa gada mai kyau aka ɓata don a faranta wa samfuri mara kyau. Wannan yana faruwa sosai wallahi kuma yana min ciwo, don mai lab da zuciya ɗaya yake yi, shi a saninsa samfuri shine gaskiya. In kuwa da hannu aka gina ta da kaki a kan samfurin firintar aka zuba ƙarfe, nan laifin yana iya zama na sikanin ko na bugun ko na zubin, sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaye shi cikin ladabi, Baba an taɓa cikin gadar nan kafin ta zauna? Amsarsa zata rage maka rabin tafiya.

Shi sikanin baki, ko TRIOS ne ko iTero ko Medit ko Shining 3D, duka ƙananan hotuna suke ɗauka suna ɗinkewa. Haƙori ɗaya zuwa uku suna yi da kyau ƙwarai. Amma in tafiya tayi nisa, daga turmin dama ka zagayo ta gaba har turmin hagu, kowane ɗinki yana ƙara ɗan kuskure har ya taru a ƙarshe. Wajen giɓi kuma, inda babu haƙori sai dasashi sumul mai sheƙi, na'urar bata da alamar da zata kama, kuma gada ai a kan giɓi take. Sannan abin da ido bai gani ba sikana ma bata gani, in jini ko yawu ya kwanta a gaɓa ko dasashi ya rufe ta baka sa zare ka buɗe ba, manhaja zata cike wurin da hasashenta ta baka layi mai kyau wanda babu shi a baki. Ka riƙa faɗaɗa hoton a allo ka zagaye gaɓar da idonka kafin mara lafiya ya tashi daga kujera. Kuma yaushe rabon da ku saita sikanar da ɗan kan saitin da ta zo dashi? Mutane da yawa yana nan cikin kwali ko ledarsa ba a cire ba.

Maganar irin na'ura bazan daɗe a kai ba. Ta farko ita ce mai zana da hasken leza, SLA, wadda Chuck Hull ya samu rajistar mallakarta a Amurka a 1986, Formlabs da ita suka yi suna. Akwai DLP mai haska falle gaba ɗaya da majigi irin su Asiga, sai masu allon LCD irin Elegoo da Anycubic da Phrozen waɗanda araharsu ce ta shigo da harkar nan garuruwanmu. Duka ukun rezin suke daskararwa da haske kuma duka suna iya fitar da samfurin aiki. Mai narka zaren roba tana zubawa kamar taliya, FDM, wannan ka bar wa masu kayan ado, bata dace da gaɓar hula ba. Bambancin mai tsada da mai araha ba wai ɗaya tana iyawa ɗaya bata iyawa bane, mai tsadar kamfani ya riga ya gwada rezin ɗinsa da injinsa ya kulle maka saitin, mai arahar kuwa kai ne kamfanin, kai zaka zauna ka gwada. Wanda bashi da haƙurin wannan gara ya tara kuɗi ya sayi wadda aka gama mishi.

Babban abin da ya kamata ka riƙe game da rezin shine yana tsukewa in ya daskare, ɗabi'arsa ce. Ɗauki misali ya tsuke da rabin kaso cikin ɗari. A haƙori ɗaya mai faɗin milimita 10 maikiron 50 kenan, ba laifi. Amma daga turmi zuwa turmi kusan milimita 50 ne, ya zama 250. Kaga dalilin da zaka ga hula ɗaya tana zama lafiya amma dogon aiki yana gardama a firinta ɗaya. Sannan siffar da ka bashi tana da tasiri, samfurin da aka yanke kamar kofaton doki babu ganɗa babu komai a tsakiya, ƙafafunsa biyu na baya suna son rufowa ciki lokacin da ake gasa shi da haske bayan bugu. Ka sa mishi sanda ta haɗa turmi da turmi, ko ka bar mishi gindi cikakke. In zaka rarake cikinsa don tattalin rezin, kuma na san tsadarsa dole mutum yayi tunanin haka, kar bangon ya gaza milimita 2 zuwa 3, ka bar ƙofar da ruwan zai fita. Na aikin hula da gada ni kwantar da shi nake a kan farantin da firinta ke gini a kai, bana tsayar da shi don in cusa guda goma a bugu ɗaya, kuma ƙafafun tallafi ko ɗaya kar ya taɓa gaɓa ko saman tauna.

Sai lokacin haske. In ya yi yawa kowane falle yana ɗan yin ƙiba ta gefe, haƙori ya ƙara kauri, rami ya ƙara tsukewa, kaga haƙorin samfurin da ake zarewa a mayar ya ƙi shiga gurbinsa ko ya shiga bai kai ƙasa ba. In ya yi kaɗan kuma gefuna su yi laɓo-laɓo. Fallayen farko da ake ba haske mai yawa don su kama faranti suna bajewa kamar ƙafar giwa, saboda haka kar wani abu mai muhimmanci ya kasance a wurin. Kowane sabon nau'in rezin sai an sake mishi gwaji, kai ko kala aka canza. A girgiza kwalba sosai don launin yana kwantawa a ƙasa, a duba ranar lalacewa, ledar ƙasan kwano in tayi hazo a canza ta. Kuma rezin samfurin haƙora za a saya, ba na 'yan tsana ba, musamman in za a matsa roba mai zafi a kansa.

Amma in ka tambaye ni inda aka fi ɓata aiki a wajenmu, bayan an gama bugu ne, lokacin da oga ya tafi masallaci ya bar wa yaro wanki. Ana wanke samfuri da sifirit na IPA mai ƙarfi, wanka biyu, na farko mai datti ya cire mafi yawa na biyu mai tsabta ya ƙarasa. In sifirit ɗin ya koma kamar kunu saboda an daɗe ba a canza ba, yana barin wani yauƙi siriri a jiki ya kwanta daidai cikin gaɓa da ramukan tauna, kana gasawa ya zama jikin samfurin har abada, ka ƙara wa haƙori riga kenan. In kuma aka manta shi cikin sifirit awa guda, fuskar tana jiƙewa tayi laushi. Mintocin da kamfani ya rubuta a bi su, a busar da iska sarai har sai babu sheƙi ko ɗaya, sannan a sa a akwatin hasken UV na tsawon lokacin da aka ce. Yawancin rezin namu haske mai tsayin zango nanomita 405 suke so, wasu 385. Shanya a rana kamar kuɓewa ba gashi bane, gefe ɗaya zai sha wuta ɗaya yana inuwa, ya murɗe.

Wannan ya kawo ni kan yanayinmu, wanda littafin da ya zo cikin kwali bai san da shi ba. Rezin ɗin an tsara shi ne don ɗaki mai matsakaicin yanayi, digiri 20 da wani abu zuwa 30. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu 40 muke gani a Gombe da Bauchi, rezin ya tsinke kamar ruwa ya riƙa kamawa da sauri, da asubar hunturu kuma yayi kauri kamar zuma. Saitin da ya baka aiki mai kyau a Janairu ba lallai ya baka a Afrilu ba, ni sau biyu nake sake gwaji a shekara, shigowar bazara da shigowar sanyi. Ƙura ma abokiyar gaba ce, a rufe kwano kullum, a tace rezin kafin a mayar kwalba. Firinta kuma a kan inbata zata zauna, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ko ta ci gaba daga baya zaka ga layi ya ratsa samfurin, wannan bana aiki da shi ko ya yi kyau a ido.

Akwai abin da ya faru dani da bazarar da ta wuce wanda har yanzu yana raina. Wata yarinya ce aka gama jera mata haƙora bayan kusan shekara biyu da waya a baki, likitanta a Bauchi ya turo min fayil, na buga samfurin sama da ƙasa na auna komai daidai, sai yace in aiko mishi su can za a matsa robar riƙewa. Na naɗe su a takarda na kai tasha na ba direba. Kwana biyu ya kira ni yace ta saman ta ƙi zama, gaba ta shiga amma baya tana matse turame yarinyar har da hawaye, ga shi in ba a sa mata da wuri ba haƙoran zasu fara komawa gidan jiya. Nace ya dawo min da samfurin. Da na ɗora kalifa, ma'aunin kauri da faɗi, daga turmi zuwa turmi sai naga ya rufo ciki kusan rabin milimita a kan abin da ke allo, takardar ma ta manne a jikinsa ta gefe ɗaya. Ashe a gaban gilashin mota aka ajiye shi tun daga Gombe har Bauchi da tsakar rana, kuma na saman kofaton doki ne ban sa mishi sanda ba, na ƙasan da ke da gindi bai motsa ba. A daren na sake bugawa na matsa robar da kaina na aika ita. Tun daga ranar samfuri baya fita lab ɗina sai cikin kwali mai kauri da sanda a baya, kuma aikin da za a yi a kansa a yi shi cikin 'yan kwanaki, kar a ajiye shi wata guda a bakin taga sannan a ce za a gwada hula a kai.

Toh yaya zaka san gaskiyar taku firintar? Gani ya kori ji, ka auna. Ka sayi kalifa ta dijital mai kyau, tana nuna har 0.01 na milimita duk da ita ma tana da ɗan nata kuskuren na maikiron 20 zuwa 30. Ka ɗauki fayil ɗaya, ka auna a manhaja daga fiƙa zuwa fiƙa, daga turmi zuwa turmi, da tsayin haƙorin gaba ɗaya, ka rubuta. Ka buga shi sau biyar, wani a tsakiyar faranti wani a kusurwa don hasken allon LCD baya zama ɗaya ko'ina, kuma ba rana ɗaya ba. Ka wanke ka gasa yadda kuka saba, ka auna wuraren nan. In duka biyar sun kauce gefe ɗaya da kusan adadi ɗaya, mudu ne ya lotse, gyara a manhajar yanka falle irin Chitubox. In kowanne da inda ya nufa, duba farantin ko ya daidaita, duba leda, duba sifirit, duba wanda ke wankin.

In kana son abin da ya fi haka, ka sake yi wa samfurin sikanin ka ɗora shi a kan fayil na asali. Masu bincike Geomagic suke amfani da ita amma tana da tsada, CloudCompare kyauta ce kuma tana yi. Zata baka taswirar kala, inda ya yi ƙiba da inda ya rame. Sai dai kar lambar matsakaici ɗaya da zata baka ta ruɗe ka, don tana iya cewa 60 alhali ko'ina 40 ne amma daidai gaɓar haƙorin da kake aiki a kai 200 ne. Wurin da aikin zai zauna shi zaka zuba wa ido.

Ni a yanzu samfurin nazari, na jera haƙora, robar riƙewa, robar masu cizon haƙora da dare, hula ɗaya, gajeriyar gada, duka firinta nake yi hankalina kwance. Aikin fuskar haƙoran gaba irin na 'yan uwanmu da ke zuwa daga yankin Kaltungo da tabon da sinadarin fulorayid na ruwan sha ya bar musu, shi ma ina yi, amma gaɓar a allo nake yarda da ita, samfurin don duba haɗuwa da maƙwabta da cizo ne kawai, bana gurza aiki don ya bi samfuri. Dashe mai ƙusoshi da yawa a muƙamuƙi guda kuwa har yau sai an gwada sandar tabbatarwa, wadda ke haɗa ƙusoshin don a ga ko awon ya dace, a baki kafin in yarda, ko da wace hanya aka ɗauki awon. Haƙoran roba na wanda bashi da ko ɗaya ma na fi son awon hannu mai bin motsin kumatu da harshe. Abu ɗaya don Allah, rezin samfuri ba na shiga baki bane, jagorar tiyata da ake sawa a baki da makamantanta suna da nasu rezin daban wanda aka yarda da shi, kuma yaranku su sa safar hannu ta naitiril, ruwan rezin yana jawo ƙaiƙayin fata mai naci, ragowarsa kuma a daskarar da haske kafin a zubar kar a tuttula a kwata.

Gadar nan kar ku jefar da ita kuma kar ku sake gurza ta. Ka kira mara lafiyan, ka tsabtace haƙoran sarai daga siminti, ka duba matsewar maƙwabta da zaren sakace, ka sa silikon mai laushi a cikinta ka danna ka ga inda ya huje. Sannan ka sake sabon sikanin a ranar, da zare a dasashi kuma a bushe, ka turo min shi tare da tsohon fayil ɗin da hoton yadda kuka jera samfurin a faranti da sunan rezin ɗin. In na ɗora tsohon a kan sabon zamu ga ko haƙori ne ya matsa ko sikanin farko ne ya kauce. Ina da shigowa Bauchi ƙarshen wata in Allah ya yarda, zan taho da kalifata mu buga guda biyar ɗin tare, ka ce wa Baba ina gaishe shi kuma ina so ya kasance a wurin.